Daga Reno Zuwa Boise a Sawun Makiyayan Bask

Zumunci ne ya kai ni yammacin Amurka a ƙarshen watan Yulin 2025, domin in duba wani ƙanena da ke karatun digiri na uku a Jami'ar Nevada da ke garin Reno. Shi ne ya ba ni shawarar cewa tun da zuwan nawa ya dace da babban bikin Baskawa da za a yi a Boise, babban birnin jihar Idaho, bai kamata in koma gida ban gan shi ba. Amma ya ce, "Yaya, kafin mu je wurin rawa, sai ka fara ganin ɗakin karatunsu da ke nan jami'armu, in ba haka ba kallo kawai za ka yi."

Baskawa mutane ne da ƙasarsu ta asali take a gaɓar tekun Atlantika, a yammacin tsaunukan Pyrenees, inda iyakar Sifaniya da Faransa ta raba su biyu. Larduna huɗu, wato Bizkaia da Gipuzkoa da Araba da Nafarroa, suna ɓangaren Sifaniya, sauran ukun kuma suna ɓangaren Faransa. Harshensu, Euskara, ba a gano yana da dangantaka da wani harshe mai rai a duniya ba, kuma masu magana da shi ba su kai miliyan ɗaya ba. A zamanin mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975, an kore shi daga makarantu da ofisoshin gwamnati a Sifaniya, abin da ya sa duk wani wuri a ƙetare da ake tattara littattafansa ya zama mai daraja ta musamman.

Ɗaya daga cikin waɗannan wurare shi ne Cibiyar Nazarin Bask ta Jami'ar Nevada, wadda take cikin babban ginin ɗakin karatu na jami'ar. An kafa ta a 1967 a ƙarƙashin jagorancin William Douglass, wani masanin halayyar al'umma ɗan Reno wanda ya zauna a ƙauyukan Bask yana bincike, kuma a yau cibiyar sunansa take ɗauke da shi. Abokin aikinsa Jon Bilbao ya ƙarar da rayuwarsa wajen bin diddigin duk abin da aka taɓa rubutawa game da Baskawa a kowane harshe, shi ya sa aka raɗa wa ɗakin karatun sunansa. Su biyun ne suka wallafa littafin Amerikanuak a 1975, wanda har yanzu daga shi ake fara karanta tarihin ƙaurar Baskawa zuwa nahiyar Amurka. Cibiyar tana koyar da harshe da tarihi, tana horar da masu digiri na uku, tana kuma buga littattafai da Turanci, kuma a maɗaba'ar wannan jami'a ce aka buga ƙamus ɗin Euskara da Turanci na Gorka Aulestia a 1989.

Abu na farko da ma'aikaciyar ɗakin karatun ta gyara wa baƙin da muka shiga tare shi ne zaton da ake yi cewa Baskawa sun zo Amurka ne da sana'ar kiwon da suka gada. Yawancinsu 'ya'yan ƙananan manoma ne ko masunta, waɗanda a gida 'yan tumakin da suka sani ba su wuce abin da yaro zai kora da sanda ɗaya ba. Al'adarsu ta gado ta tanadi cewa mutum ɗaya ne cikin 'ya'ya zai gaji gida da gona ba tare da an raba ba, saboda haka sauran sai su nemi hanyarsu, ko a coci, ko a teku, ko a ƙetare. Na farkon da suka iso California sun zo ne daga Ajantina da Chile bayan an gano zinariya a 1848, kuma a filayen Kudancin Amurka ne suka koyi kiwon manyan garkuna. Da zinariyar ta ƙi su, sai suka koma wa tumaki, suka bazu zuwa Nevada da Oregon da Idaho, kowa yana aika wa ƙaninsa ko ɗan garinsu kuɗin jirgi. Aikin bai buƙatar Turanci, kuma babu mai ƙyashinsa, domin mutum ɗaya ne da karensa da garken da kan kai tumaki dubu ɗaya zuwa dubu biyu, a kan dutse da rani, a cikin hamada da hunturu, sai ya yi mako bai ga ɗan Adam ba in ba mai kawo masa abinci ba.

A nan ne aka nuna mana abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar gaba ɗaya, wato hotunan rubuce-rubucen da makiyayan suka sassaƙa da wuƙa ko ƙusa a jikin wata bishiya mai farin ɓawo mai laushi da ake kira aspen. Idan aka yi zanen da siriri, shekaru kaɗan ɓawon zai warke ya bar baƙin tabo, rubutun ya fito fili yana faɗaɗa tare da bishiyar. Wani malamin cibiyar, Joxe Mallea-Olaetxe, ya yi shekaru yana hawa tsaunuka yana tattara dubban irin waɗannan, ya fitar da littafi a kansu a 2000. Yawancinsu suna ne da shekara da sunan garin mutum, amma akwai zanen gidan da aka baro, akwai surar mata wadda ba duka ake iya nuna wa yara ba, akwai zagin maigida, akwai kirarin siyasa. Na daɗe a kan wani hoto da mutum ɗaya ya rubuta sunansa sau da yawa a bishiya ɗaya, kowane suna da tasa shekarar a ƙasa, rubutun farko ya kumbura ya tsage saboda tsufa, na ƙarshe kuma siriri ne. Irin wannan bishiya ba ta cika wuce shekara ɗari ba, ga kuma gobarar daji, saboda haka abin da ba a ɗauka a hoto yanzu ba ya tafi ke nan. A ganina wannan shi ne aikin da jami'a kaɗai za ta iya yi wa al'umma, domin kewa da talauci ba abin da ake hawa dandamali da su ba ne, kuma ban ga alamarsu ba a duk raye-rayen da na kalla daga baya.

Kafin mu bar Reno mun biya ta dandalin Rancho San Rafael, inda aka kafa gunkin tunawa da makiyayin Bask a 1989, aikin mai sassaƙa Nestor Basterretxea. Ƙanena ya ba ni labarin yadda sana'ar da ake rainawa ta zama abin alfahari. A 1957 Robert Laxalt ya wallafa wani ɗan littafi game da mahaifinsa makiyayi da komawarsa gida bayan kusan shekara hamsin, littafin ya karɓu sosai, kuma bayan shekara biyu aka yi babban taron Baskawan yammacin Amurka na farko a Sparks, maƙwabciyar Reno. Ɗan'uwan marubucin, Paul Laxalt, ya zama gwamnan Nevada, daga baya kuma sanata. Daga wannan lokaci ne garuruwa suka fara kafa ƙungiyoyi da bukukuwan shekara, har aka haɗa su a inuwa guda a 1973.

Tsakanin Reno da Boise akwai tafiyar da ta haura kilomita 650, kuma kashinta na farko babbar hanya ce da ta miƙe gabas zuwa Winnemucca. A can muka tsaya cin abinci a otal ɗin Martin, ɗaya daga cikin tsofaffin masaukan Baskawa da aka gina daura da layin dogo. Har yanzu ana cin abinci yadda makiyaya suka saba, a dogon tebur guda tare da mutanen da ba ka sani ba, ana miƙo miya da wake da burodi a manyan kwanuka kowa ya ɗiba. Na tambayi abin da aka sa a cikin kowane kwano, domin naman alade yana da yawa a girkinsu, kuma mai hidimar ta yi mini bayani dalla-dalla ba tare da ta ƙosa ba. Waɗannan masaukai su ne ginshiƙin zaman Baskawa a Amurka. Baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci zai tarar da wanda ke kiran sababbin zuwa da harshensu a tasha, a kai shi masauki, a nema masa aiki, a ajiye masa kayansa da wasiƙunsa idan ya hau dutse, a yi masa tafinta wurin likita, kuma sau da yawa a nan zai haɗu da matar da zai aura cikin 'yan matan da aka kawo daga gida domin aikin girki. Duk wanda ya san yadda maigida yake karɓar fatake a zangon Kumasi ko Sabon Ibadan zai gane tsarin ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Daga Winnemucca hanya ta karkata arewa, ta ratsa wani yanki na Oregon da sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga gida ba, sai gajerun itatuwa masu launin toka da tsaunuka can nesa. A ƙauyen Jordan Valley mun ga wata doguwar katangar dutse da Baskawa suka gina a 1915 domin wasan ƙwallon hannu da suke bugawa a jikin bango, tana tsaye a bakin titi kamar ba a san da ita ba. Muka wuce, muka shiga Boise da yamma cikin zafi mai busar da maƙogwaro.

Unguwar Baskawa a Boise ba ta da girma, layi ɗaya ne a titin Grove a tsakiyar gari, amma babu abin da aka bari. An shimfiɗa sunayen dangogi da baitocin waƙoƙi a daɓen gefen titi, kuma na ga mutane sun sunkuya suna neman sunan kakanninsu. Akwai gidan tarihin da aka kafa a 1985, akwai zauren Euzkaldunak, wato ƙungiyar Baskawan Boise, akwai rufaffen filin ƙwallon bango na tsohon otal ɗin Anduiza wanda ya haura shekara ɗari ana wasa a cikinsa, akwai kuma wata bishiya da aka shuka daga irin tsohuwar bishiyar garin Gernika, wadda a ƙarƙashinta ne sarakuna suke rantsuwar kiyaye dokokin Bizkaia. Gernika ita ce garin da jiragen Jamus da Italiya suka yi wa ruwan bama-bamai ranar 26 ga Afrilun 1937, kuma tana da ƙawance na musamman da Boise, domin yawancin Baskawan Idaho daga Bizkaia suka fito. Na shiga gidan Jacobs-Uberuaga, ginin bulo na 1864 wanda ya zama masaukin makiyaya daga 1910 har zuwa 1969. Ɗakunan sama ƙanana ne, gadajen ƙarfe sun kusa haɗuwa da juna, kuma a kicin an bar murhu da manyan tukwane yadda uwargidan take amfani da su. Mai yi mana jagora ta ce matan da suka riƙe irin waɗannan gidaje sun yi aikin da bai gaza na makiyayan ba, amma su ba su bar suna a jikin bishiya ba, sai an bi jikokinsu da na'urar ɗaukar murya.

Bikin da ake kira Jaialdi an fara shi ne a 1987 a harabar tsohon gidan yarin Idaho, aka sake yi a 1990, daga nan ya zama duk bayan shekara biyar, a makon tunawa da Inyasiyo na Loiola, waliyyin Baskawa wanda ya kafa ɗariƙar Jesuit ta cocin Katolika, a ƙarshen Yuli. Annobar korona ta hana na 2020, saboda haka wannan shi ne na farko cikin shekara goma, kuma an ga alamar haka a fuskokin mutane. Dubun dubata ne suka zo, daga California da Nevada da Wyoming, daga Ajantina, da kuma ƙasar Bask kanta. Ko'ina ka duba tuta ce mai launin ja da kore da fari, da baƙar hula mai faɗi a kan dattawa, da jan ƙyalle a wuyan yara. Da dare titin yakan cika maƙil, mai akodiyon da mai tambari su tayar da kiɗa, sai ka ga tsohuwa da jikanta sun ɗaga hannuwa sama suna kaɗa yatsu, ƙafafu na tafiya da sauri, jiki kuma a miƙe. Ana shan giya sosai, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma ban ga an yi faɗa ba, kuma babu wanda ya matsa mini da na ce ruwa nake so.

A ƙarshen mako aka koma filin baje koli na Expo Idaho, inda ƙungiyoyin rawa suke hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya. Masu masaukin baƙi su ne Oinkari, ƙungiyar da wasu matasan Boise suka kafa a 1960 bayan sun ziyarci ƙasar kakanninsu sun koyo rawa a Donostia, babban birnin lardin Gipuzkoa. Maza cikin fararen kaya da jan ɗamara da ƙararrawa a ƙwauri suna buga sanduna da takubba, suna harba ƙafa har ta kai tsayin kai, mai busa kuma yana riƙe da sarewa mai huda uku a hannun hagu yana kaɗa ƙaramar ganga da na dama. Wasannin ƙarfi su ma daga aikin gona aka samo su. Na tsaya kusa da mai saran icce, wanda ya hau kan gungume yana sara tsakanin ƙafafunsa biyu, gatarin na sauka tazarar yatsu kaɗan daga takalminsa, wani dattijo kuma yana tsugune a gabansa yana nuna masa da sanda inda zai sara na gaba. Da ya kai tsakiya sai ya juya baya ya faro daga ɗaya gefen, ɓaraguzan icce masu faɗin tafin hannu suna tashi har cikin 'yan kallo. Akwai masu ɗaga dutse zuwa kafaɗa, wasan da gwanayensa a can gida suka taɓa ɗaga abin da ya haura kilo 300, da masu tafiya da ƙarfe mai nauyin kimanin kilo 50 a kowane hannu.

A gefe guda an jera kekunan makiyaya na dā, masu rufin zane, an yi musu fenti suna ƙyalli, kowanne da gadonsa da murhunsa. Sun yi kyau, amma kallonsu ya sa na tuna da abin da na karanta a Reno. Dokar shige da fice ta 1924 ta taƙaita 'yan Sifaniya zuwa mutum 131 a shekara, dokar kiwo ta 1934 kuma ta rufe filayen gwamnati ga makiyayin da ba shi da gonar kansa, bayan shekaru ana zarginsa da cinye ciyawar masu shanu. Sai da aka rasa ma'aikata ne Sanata Pat McCarran na Nevada ya nemo dokokin da suka sake buɗe ƙofa a shekarun 1950. Da tattalin arzikin ƙasar Bask ya farfaɗo a shekarun 1970, samari suka daina zuwa, kuma a yau yawancin masu kiwon tumaki a tsaunukan Idaho 'yan Peru ne da ke zuwa da bizar aiki ta wucin gadi. Jikokin makiyayan kuwa sun zama lauyoyi da malamai da 'yan siyasa, irin su Pete Cenarrusa da ya riƙe muƙamin sakataren jihar Idaho daga 1967 zuwa 2003, da David Bieter da ya yi magajin garin Boise daga 2004 zuwa 2020. Ba na ganin laifin wanda ya goge keken kakansa ya yi masa fenti, sai dai wahalar da keken yake wakilta ba ta ƙare ba, hannu kawai ta sauya.

Inda na ga iyakar abin da biki zai iya riƙewa shi ne wurin masu waƙar baka. Ana ba mawaƙa biyu batu a take, kowanne ya tsaya hannu a aljihu ko a baya, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya rera baiti mai ma'auni da amsa-amo ba tare da kiɗa ba, ɗayan kuma ya mayar masa da martani a kan karin guda. Idan aka yi habaici mai daɗi, dariyar takan tashi ne daga wurare biyu kawai, daga baƙin da suka zo daga ƙasar Bask da kuma daga layin tsofaffi, sauran taron sai su bi da tafi daga baya. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta yi dariya har ta share hawaye. Na gaishe ta, na ce, "Mama, me ya faɗa?" Ta fassara mini, sannan ta ce da Euskara ta tashi a gidan iyayenta, har ta shiga makaranta ba ta jin Turanci, kuma dariyar da aka yi mata ce ta sa ba ta koya wa 'ya'yanta ba. Ta ce, "Ɗana, dukansu sun iya rawa, sun iya girki, amma wannan ba su ji ba."

A nan ne makaranta ta sake shigowa cikin labarin. A 1974 wani malamin Jami'ar Jihar Boise, Pat Bieter, ya kwashi ɗalibai zuwa garin Oñati a Gipuzkoa suka yi shekarar karatu guda, alhali Franco yana raye, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe al'amuran Baskawa a Boise daga baya sun fito ne daga wannan ayari. Yanzu jami'ar tana da sashen nazarin Bask inda ake koyar da harshe da tarihi da al'ada, da tallafin cibiyar Etxepare ta gwamnatin yankin Bask, wadda take tura malamai zuwa jami'o'in ƙetare. Tun 1998 kuma akwai makarantar renon yara a Boise da ake koyarwa da Euskara. Sai dai abin da ake koyarwa a aji shi ne daidaitaccen harshen da masana suka fara tsarawa a taron Arantzazu na 1968, wanda ya fi karkata ga karin Gipuzkoa, alhali kakannin 'yan Boise karin Bizkaia suke yi, na ƙauye, wanda ya shafe shekaru yana aron kalmomin kiwo daga Turanci.

Jikar dattijuwar ta iso muna cikin hira, sanye da kayan rawa, jan siket mai baƙin layi da farin ɗankwali, tana haki. Ɗalibar jami'ar ce, ta yi shekara biyu tana ɗaukar darasin Euskara. Ta yi wa kakarta magana da harshen, kakar ta gyara mata, ita kuma ta dage cewa haka malaminta ya koyar, suka yi ta ja-in-ja har suka koma Turanci domin su ƙarasa gardamar. Yarinyar ta gaya mini cewa a baitocin da aka rera ta kama kusan rabi, kuma abin da ke guje mata shi ne habaicin. Ta riga ta yi rajista a wata makarantar kwana ta koyon harshe da ke garin Lazkao a Gipuzkoa, inda ba a magana da wani harshe sai Euskara tun daga karin kumallo har zuwa kwanciya, kuma a lokacin kaka mai zuwa za ta tafi. Kakar ta ce ta amince, da sharaɗin idan an ba da hutu ta wuce Bizkaia ta zauna wurin danginsu, domin ta ji yadda mutane suke magana.